Gaisuwar Sallah daga Mancesta, da Wani Roƙo a kan Auta

Mancesta, Ingila
Juma'a, 1 ga Shawwal 1444, daidai da 21 ga Afrilu 2023

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na 'ya ga mahaifanta, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah, tare da addu'ar Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Mu ma a nan mun sauke farali lafiya, ko da yake a goman ƙarshe azumin yana kai mu kusan awa 16, domin rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare. Da safiyar yau maigidana ya kai mu Idi, jikokinku biyu sun sa ɗinkin da Inna ta aiko, kuma takwarar Inna ta ƙi cire ɗankwalinta har yanzu da nake wannan rubutu. Na san a daidai wannan lokaci Zariya ta cika da ƙarar algaita da bindigogin 'yan bindiga, kuma yara sun fara lissafin hawan Bariki tun ba a sauko daga na yau ba.

Da gaisuwa ce kaɗai, da waya ta wadatar. Abin da ya sa na zauna na rubuta takarda shi ne maganar Auta. A tsakiyar azumi Yaya ya turo mini hoton bidiyo na tashen da ya jagoranta a ƙofar gida, ya sa gemun auduga yana dogara sanda, 'yan uwansa suna amshi, kuma na kalle shi ya fi sau goma. Daga baya Yaya ya shaida mini cewa Baba ya hana shi komawa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu idan an koma hutu. Ban rubuto don in ja da hukuncin Baba ba, Allah ya kiyaye ni da haka. Ina dai neman izini in ba ku labarin abin da idona ya gani kwanaki kaɗan kafin a ɗauki azumi, sannan in yi roƙona, abin da kuka yanke kuma shi ne abin da za a bi.

A tsakiyar wannan gari, a kan titin Oxford, akwai wani tsohon gidan wasan kwaikwayo da ake kira Palace, wanda aka buɗe tun 1891, yana ɗaukar mutum kusan 2,000. Daga Oktoba na bara zuwa Maris na bana an yi ta nuna wani wasa a cikinsa mai suna The Lion King, wato Zaki Sarki, irin wasan da ake ba da labari a cikinsa da magana da waƙa da rawa gaba ɗaya, kuma a gaban jama'a ake yinsa, babu dakatawa a sake idan an yi kuskure. Asalinsa fim ɗin zane ne na kamfanin Disney na 1994, sai wata mata Ba'amurkiya, Julie Taymor, ta mayar da shi na dandamali a 1997 a birnin New York, har ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Tony, babbar lambar yabo ta wasannin dandamali a Amurka, a fannin jagorancin irin wannan wasa a 1998. Tun 1999 ake yinsa a Landan ba a tashi daga gida ɗaya ba. Wanda ya zo mana kuwa ayari ne mai rangadi: su sauka a gari, su yi makonni ko watanni, sannan su kwance dandamalin kaf, su loda a manyan motoci, su nufi gari na gaba. Yanzu haka suna Sunderland, can arewa maso gabas da mu.

Sau biyu na kalle shi, duka a makon ƙarshe. Na farko ban shirya masa ba; makarantar su takwarar Inna ce ta kai 'yan ajinsu wasan rana, aka nemi iyaye su taimaka da rakiya, ni kuma ranar ba ni da aiki. Da aka rage fitilu, sai wata mata ta fito ita kaɗai ta ɗaga murya da yaren Zulu na Afirka ta Kudu, murya irin ta zabiyar da ba ta bukatar lasifika, wasu suka amsa mata daga can sama cikin 'yan kallo. Kafin mu ankara sai ga namun dawa suna ratsowa ta tsakaninmu zuwa dandamali: giwa wadda mutum huɗu ke ɗauke da ita, kowa a cikin ƙafa ɗaya, da karkanda, da tsuntsaye a kan dogayen sanduna ana kaɗa su bisa kawunanmu. A kan dandamalin kuma raƙuman dawa ne suke takawa a hankali, mutane ne da suka hau sanduna huɗu, biyu a ƙafa biyu a hannu. Abin da ya fi burge ni a hikimar matar nan shi ne ba ta ɓoye mutum ba. Fuskar zakin tana bisa kan ɗan wasa kamar rawani, tasa fuskar kuma tana fili, saboda haka mai kallo yana ganin dabbar yana ganin ɗan Adam a lokaci guda.

Labarin kansa ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a ƙasar sarauta. Sarki ne yake da ɗa ƙarami mai jiran gado, ƙanin sarkin kuma yana ganin haihuwar yaron ta raba shi da gadon sarauta, sai ya haɗa baki da kuraye ya hallaka wansa, ya ɗora wa yaron laifin, ya kore shi daji. Kurayen ma irin na tatsuniyoyin Inna ne sak, ga haɗama ga tsoro ga wauta. Akwai cilakowa mai matsayin sarkin fada, akwai mugun dawa mai ban dariya. Amma duk wannan ƙawa, nauyin rabin farko na wasan, sama da awa guda, a wuyan yara biyu yake, namiji da mace, waɗanda a ganina ba su wuce shekara 10 zuwa 12 ba. Su ne kaɗai a cikin zakunan da ba a ɗora wa fuskar zaki ba, sai ɗan fenti a kumatu da wutsiya a baya, wato babu abin da za su fake a bayansa.

Yaron da na gani a ranar farko ƙarami ne, siriri, mai rawar kai irin na ɗan da ya san ana ƙaunarsa. Yana tsalle yana kai wa ubansa hari na wasa, yana cika baki cewa ya ƙosa ya hau gado, har shi da yarinyar suka hau wasu manyan tsuntsaye masu launi suna waƙa, ɗaliban da na raka suna ta shewa. Sai aka zo inda ya saɓa wa umarnin uban ya kai kansa da yarinyar cikin haɗari, uban ya cece su, sannan ya sallami kowa ya rage daga shi sai ɗansa a ƙarƙashin taurari. A nan sarkin ya sa hannu ya cire fuskar zakin daga kansa ya ajiye a ƙasa, ya zauna kusa da yaron, ya yi masa magana a matsayin uba. Baba, a wannan wuri hawaye ya zubo mini, domin na tuna daren da na faɗi jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya karo na farko, kuka kira ni zaure, kuka cire hula kuka ɗora a gwiwa, kuka yi mini magana a hankali har na daina kuka. Yaron nan bai ce komai ba a mafi yawan wannan fitowa, sauraro kawai yake yi, amma sauraron nasa ne ya sa na yarda da abin da nake gani. Kafaɗunsa sun sauko, idonsa na ƙasa, sannan a hankali ya matso ya jingina da uban. Na sha jin ana cewa wasan kwaikwayo surutu ne da ban dariya, amma ranar na gane cewa iya yin shiru a gaban mutum dubu biyu ya fi iya magana wuya.

Bayan haka aka kai ga mutuwar sarkin, lokacin da garken namun dawa ya sheƙo a guje cikin kwazazzabo. Da ƙura ta lafa, sai yaron ya rarrafo wurin gawar, yana girgiza ta yana kira, ya ɗaga hannun uban ya ɗora a jikinsa ya kwanta. Ɗakin da ɗazu yara suka cika da hayaniya ya yi tsit, har ina jin numfashin yarinyar da ke kusa da ni. Zakanyu suka fito makoki, suna jawo dogayen ƙyallaye farare daga idanun fuskokinsu a madadin hawaye, yarinyar nan 'yar ƙarama tana tsaye a tsakaninsu ba ta motsi. Jikarku ta riƙe hannuna gam, a hanyar komawa kuma ta tambaye ni ko Kaka yana da lafiya.

Wannan tambaya tata ce ta sa na roƙi babansu mu koma mu duka huɗu, muka samu kujerun can sama a daren Asabar na ƙarshe. Da labule ya buɗe sai na ga wasu yara ne daban, domin ba yaro ɗaya ke riƙe da matsayin ba, karɓa-karɓa suke yi. Wannan na biyu ya fi na farko tsawo da natsuwa, bai kai shi tsalle-tsalle ba, amma ya fi shi iya riƙe fushi da kunya a fuska. Sau ɗaya, a wurin da waƙa ta hau sama, na ji muryarsa ta ɗan girgiza irin girgizar da kowace uwa ta sani, alamar fashewar murya ta kusa. Bai tsaya ba, bai dubi kowa ba, ya ja numfashi ya ci gaba, yarinyar kuma ta ƙara ƙarfin tata muryar ta tallafe shi har suka sauka tare. Ban taɓa ganin zumunci ƙarara a cikin daƙiƙa biyu kamar wannan ba. Ita yarinyar, a nawa hukuncin, ta fi duk yaran huɗu da na gani, domin ko lokacin da ba ita ke magana ba idonta yana kan abin da ke faruwa, ba ta leƙen 'yan kallo, kuma tsayuwarta tsayuwar mai kunya ce wadda ba ta da tsoro.

Akwai wani abu a tsarin wasan da sai a wannan dare na fahimci nauyinsa. Dab da hutun rabin lokaci yaron yana cikin waƙa sai ya fice ta gefe, wani babban saurayi ya shigo yana lilo da igiya ya ƙarasa waƙar, wato zakin ya girma. Daga nan ba a sake ganin yaran sai an tashi. Abin da labarin ya nuna cikin ƙiftawar ido shi ne ainihin abin da ke jiran kowane ɗayansu, domin matsayin na ƙaramin yaro ne mai siririyar murya, duk wanda ya yi tsawo ko muryarsa ta fashe dole ya sauka wani ya hau, komai gwanintarsa. Manyan 'yan wasa suna iya shekaru a matsayi ɗaya, yaro kuwa wa'adinsa gajere ne. Da aka kammala, duk ayarin ya fito gaisuwa, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi ba ƙaƙƙautawa. Yaran biyu suka fito riƙe da hannun juna suka rusuna, na ga yaron yana cije leɓe, mutumin da ya fito a matsayin ubansa ya dafa kansa ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Wasu daga cikin matan ayarin suna share ido. Watanni fiye da huɗu suka yi a gari ɗaya, kuma washegari za a fara kwance kaya. Wanda ya taɓa ɗaure akwati ya bar inda ya saba ya san abin da ke cikin irin wannan tsayuwa, ni ma na san shi tun ranar da kuka raka ni tasha.

Na san tambayar da Baba zai yi, domin ni ma ita na fara yi: ina iyayensu, ina karatunsu, wa ke tsare tarbiyyarsu a cikin manya har dare? Akwai wata maƙwabciyarmu dattijuwa, tsohuwar malamar firamare, wadda bayan ta yi ritaya ta karɓi aikin rakiyar yara masu fitowa a wasanni, ita ce ta warware mini. A dokar Ingila, wadda tushenta ke cikin dokar yara ta 1963 aka kuma sabunta ƙa'idojinta a 2014, yaron da bai wuce shekarun karatun dole ba ba ya hawa irin wannan dandamali sai ƙaramar hukumar da yake zaune a cikinta ta ba da lasisi, kuma ba ta bayarwa sai ta gamsu cewa lafiyarsa da karatunsa ba za su cutu ba. Dole ne ya kasance a hannun ɗaya daga cikin iyayensa ko mai rakiya wadda hukuma ta tantance, kuma mai rakiya ɗaya ba ta riƙe fiye da yara 12. Ba ya wuce ƙarfe 11 na dare a gidan wasa, ba ya yin fiye da kwana shida a jere, kuma tsakanin tashinsa da dawowarsa sai an samu aƙalla awa 12. Idan aikin ya raba shi da aji, sai an tanadar masa malami, a ƙiyasin awa uku na karatu a kowace ranar makaranta. Ta ce mini aikinta shi ne ta zama idon uwa: ita ke raka yaro daga ɗakin sa kaya zuwa bakin dandamali, ita ke karɓarsa idan ya fito, kuma idan ta ga ya gaji ko ba shi da lafiya tana da ikon cewa ba zai fita ba, ko da ɗakin ya cika maƙil.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da bai kwanta mini ba. Afirkar da suka nuna ta ciyawa ce da namun dawa, babu gari, babu kasuwa, babu makaranta, kuma ina jin tsoron yaran nan ƙasar su ɗauka iyakar abin ke nan, shi ya sa da muka dawo na buɗe wa jikokinku hotunan ganuwar Zazzau da na fada. Kuɗin shiga ma ba na kowa ba ne. Sannan komai kyan doka, yaron da ke bin ayari gari-gari yana kwana nesa da ɗakin uwarsa, wannan kuwa ban yi wa nawa sha'awarsa ba, ban kuma yi wa Auta ba. Abin da na ɗauko daga wurinsu guda ɗaya ne: sun ɗauki baiwar yaro da muhimmanci, sai suka kewaye ta da shinge maimakon su tuge ta.

Mu ma ai muna da namu tun kafin su. Daga goma ga azumi yara ke fita tashe, maza da nasu mata da nasu, suna kwaikwayon malami da mai magani da tsoho da miji da mata, manya suna dariya suna ba da sadaka, kuma a cikin dariyar ake gyara halin mutane ba tare da an kama sunan kowa ba. Inna ta sha ba mu labarin Samodara da Mairama da Daudu da suka yi suna 'yan mata. A nan kusa da ku, a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina gidan wasan kwaikwayo da jar ƙasa a siffar gidan Bahaushe tun shekarun 1970, kuma daga can ɗalibai suka riƙa shiga ƙauyuka suna wasa da manoma a kan matsalolinsu. A bidiyon da Yaya ya turo na ga abin da na gani a wurin yarinyar nan ta daren ƙarshe. Lokacin da ƙaramin cikinsu ya manta amshi, Auta bai tsawata masa ba, sai ya juya abin ya zama kamar tsohon ne kunnensa bai ji ba, ya sa aka maimaita, yaron ya samu ya kama. Wanda bai san wasan ba ba zai ma lura an yi kuskure ba. Wannan ba shiririta ba ce, hankali ne da tausayi, kuma shekarunsa 12, muryar da yake wannan waƙa da ita ba za ta kai tashe biyu nan gaba ba.

Roƙona shi ne Baba ya sake duba maganar, ya bar shi ya koma ƙungiyar makarantar na zango ɗaya tak a matsayin gwaji, bisa sharuɗɗan da Baba da kansa zai gindaya. Idan an ba ni dama in kawo shawara, kada ya rasa Islamiyya ko sau ɗaya saboda gwajin wasa, kada magariba ta same shi a waje, Yaya ya je ya ga malamin da ke kula da su ido da ido ya kuma karanta abin da za su nuna kafin a fara, sannan idan sakamakon jarrabawarsa ya sauka ko da kaɗan ne, maganar ta mutu, ni ce zan fara faɗa masa. Duk abin da za a bukata na kaya ko kuɗin mota na ɗauka. Idan kuma ranar nunawa ta zo, babu abin da zai fi faranta mini rai kamar in ji cewa Baba ya je ya zauna ko a layin baya ne, ya gani da idonsa, sannan ya yanke hukunci na ƙarshe.

Inna kuma ina da ƙaramin roƙo gare ku. Tun daren nan takwararku take yawo a gida tana rera kalmomin Zulu da ba ta san ma'anarsu ba, alhali ko tatsuniya ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe da Hausa. Don Allah idan hidimar Sallah ta lafa, ku sa Auta ya riƙe waya ya ɗauki muryarku kuna ba da ta Gizo da Zaki da Kura, tun daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, shi kuma ya yi muryoyin dabbobin, a turo mana ta WhatsApp.

Goron Sallah yana hannun Yaya, na bayyana masa rabon kowa. Maigidana yana gaishe ku da girmamawa, yara suna gaida Kaka da Inna. A miƙa gaisuwata ga Goggo da Kawu da duk mutanen gida, kuma ina neman albarkarku.

Wassalam,
'Yarku